Cinikin biri a sama: wa ke da asalin aikin maƙerin Tenhiya?

Magabatanmu sun hana cinikin biri a sama, domin wanda ya biya kuɗin abin da bai kama da hannunsa ba, iska ya saya. Da a ce sun kai shekarar 2021, da sun ga karin maganarsu ta tashi daga bakin tsofaffi ta shiga kasuwa da ƙafafunta. A watan Afrilu na waccan shekara wani kamfani a Amurka ya fito da hotunan birai 10.000 waɗanda kwamfuta ta harhaɗa, wani da hula, wani da taba a baki, ya ce kowane ɗaya shi kaɗai ne irinsa a duniya, attajirai kuwa suka yi ta rububi. Mawaƙin nan Justin Bieber ya sayi nasa birin a Janairun 2022 a kan kimanin dalar Amurka miliyan 1,3. Kafin shekara biyu ta cika, darajar birin ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba. Shi kuwa biri yana nan a samansa, duk mai salula yana iya kallonsa, ya ma sauke shi cikin wayarsa ba tare da ya biya ko dala ba.

Wata guda kafin fitowar birai, ranar 11 ga Maris 2021, gidan gwanjon Christie's ya sayar da wani hoton kwamfuta na Ba'amurke Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple, a kan dalar Amurka miliyan 69,3, wato kusan miliyar 38 na sefa a canjin lokacin. Ba allo aka ba mai saye ba, ba ƙyalle ba, ba dutse ba. An ba shi abin da ake kira NFT. Ya kamata mai karatu ya fahimci wannan abu sarai, don duk ruɗun yana nan ne. NFT ba shi ne hoton ba. Layi ne a cikin wani kundin rajista wanda ba a ofishi ɗaya yake ajiye ba, yana rarrabe ne a dubban kwamfutoci a faɗin duniya, kowace tana riƙe da kwafinsa, ta yadda ba mai iya tashi da tsakar dare ya goge layi ko ya sauya suna. Layin yana cewa: lamba kaza, wane ya buɗe ta ran kaza, ya sayar wa wane a kan kaza. Galibi hoton kansa ma ba ya cikin kundin, adireshin inda aka ajiye shi kawai ake rubutawa. Sayen lambar kuma ba ya ba mutum haƙƙin mallakar fasahar, sai in an rubuta haka a wata yarjejeniya dabam.

Wani zai ce: mu ina ruwanmu? Kasuwar ta rushe tun 2022, waɗanda suka yi asara ba ƴan'uwanmu ba ne, kuma a Damargu tsadar hatsi da ƙarancin ciyawa su ne abin da ke hana mutane barci. Gaskiya ne. Amma kasuwa ce ta rushe, ra'ayin da ta shuka bai mutu ba, kuma ra'ayin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi masu birai. Ra'ayin shi ne cewa asalin abu yana hannun wanda ya fara rubuta shi a kundi. Ni kuwa ina cewa asali yana hannun wanda ya yi abin, kuma ƙasar da ta bari baƙo ya riga ta rubuta sunayen masu fasaharta, ta yarda ke nan a mayar da su masu kwaikwayon aikin kansu.

Mu je Tenhiya, a arewacin Damargu, cikin gundumar Tanut, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara, inda Abzinawa da Fulani ke bin ruwa da ciyawa. Mu zauna gaban maƙerin azurfa yana aikin abin wuyan nan da Turawa suka laƙaba wa suna gicciyen Agadas, masu shi kuwa suke ce masa tanagilt. Da farko yakan siffanta abin da kakin zuma, yana murzawa da yatsu kusa da garwashi don kada kakin ya sandare. Sai ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar ƴar ƙofa, ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a cikin yumɓun. A wannan gurbi ake zuba narkakkiyar azurfa. In ta huce, babu wata hanyar fitar da ita sai an fasa yumɓun. To, a nan batun yake. Kakin ya narke, yumɓun ya fashe, ba sauran abin da za a sake zuba na biyu a ciki. In maƙerin yana son wani, sai ya koma ga kakinsa tun daga farko, kuma na biyun ba zai taɓa zama na farkon ba, ko da ido bai rarrabe su ba. Bayan haka sai goge da zane, layi bayan layi, da ƙarfe mai tsini, kuma da yawa daga cikin maƙeran zamanin nan sukan zana sunansu a bayan abin da rubutun tifinar.

Kaɗaicin wannan abin wuya ba wani ne ya yi shelarsa ba, daga yadda aka yi shi ya fito. Shi kuwa hoton kwamfuta, an halicce shi ne don a kwafe shi: kwafi na dubu da na farko ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra. Saboda haka masu kasuwa suka ƙirƙiro ƙaranci inda babu ƙaranci, suka rataya wa hoto lamba suka ce lambar ce guda ɗaya. Lambar kam guda ɗaya ce. Sai dai kama da wane ba ta wane, kuma lambar wane ma ba wane ba ce. Wani masani Bajamushe, Walter Benjamin, ya yi wannan tunani tun shekarun 1930, lokacin da hoto da silima suke sababbin abokan gaban mai zane: ya nuna cewa abin da kwafi ba ya iya ɗauka shi ne kasancewar abu a wurinsa da lokacinsa, abin da mu za mu kira kwarjini. Waɗanda muka yi jami'a da faransanci mun haddace wannan don cin jarrabawa. Maƙerin Tenhiya bai taɓa jin sunan Benjamin ba, amma kullum da hamarsa yake tabbatar da maganar.

Bari in ɗan ratse, don azurfar da kakannin wannan maƙeri suka riƙa narkarwa tana da nata darasin. Tsabar kuɗi ce mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Otirish, wadda ta rasu a 1780. Bayan rasuwarta an ci gaba da buga tsabar shekara da shekaru, a Biyana, daga baya har a Roma da Paris da Landan da Bombai, kuma kowace an rubuta mata 1780. Wato hatimin da ke jikinta ba ya faɗin gaskiyar ranar da aka buga ta. Fataken da suka ratsa Damargu tsakanin Kano da Agadas ba su damu ba, don ba shekarar suke saye ba. Sukan auna nauyi, su buga ta su saurari ƙararta, in shakka ta yi yawa su kai wa maƙeri. Sunan dala da muke kiran tsabar sefa biyar da shi ma gadon wannan kuɗi ne. Mutanen da suka san hatimi yana iya ƙarya tun kafin zuwan Nasara, bai kamata jikokinsu su rusuna wa hatimi don kawai kwamfuta ce ta buga shi ba.

Kuma yana ƙarya. Kundin nan da ake yabo cewa ba a goge shi, ba ya tambayar mai rubutu ko shi ya yi aikin. Tamkar takardar fili ce da aka buga wa hatimi ba tare da kowa ya je ya ga filin ba, kuma mu a nan mun san yawan zumuncin da irin wannan takarda ta raba. A Janairun 2022 babbar kasuwar NFT ta lokacin, OpenSea, ta faɗa da bakinta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na abubuwan da aka buɗe ta hanyarta ta kyauta, ko dai aikin wasu ne aka sata, ko jabu, ko tarkace. Wannan ya faru ne ga masu zane na Turai da Amurka, masu lauyoyi, masu intanet dare da rana, waɗanda kan gane an sace su cikin ƴan kwanaki. Yanzu a auna da matar maƙeri da ke rina fata tana yanka ta siri-siri don jakar raƙumi, ko Bafulatanar da ta share watanni tana ɗinkin rigar mijinta ko sassaƙar ƙwaryarta. Wani ya zo ya ɗauki hoto da waya, ya koma birninsa, ya buɗe lamba da kuɗin kirifto, kundin duniya ya rubuta shi a matsayin mafari har abada. Ita ba za ta taɓa ji ba. In ma ta ji, wa za ta kai wa ƙara, da wane harshe? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin ya fi ciwo a kan Fulani Woɗaaɓe. Tun fitowar littafin hotunan Carol Beckwith da Marion van Offelen a kan makiyayan Nijar a 1983, da fim ɗin Werner Herzog na 1989, fuskar saurayin gerewol ta zama ɗaya daga cikin fuskokin Afirka da duniya ta fi sani. Fasahar da ke cikin irin waɗannan hotuna ta mutum biyu ce: wanda ya riƙe na'ura, da wanda ya zauna da madubi tun hantsi yana shafa jan ƙasa, yana ja wa hancinsa layi, yana baƙanta leɓe, yana daidaita gashin jimina. Aikin na biyun ba ya kwana da yawa, in biki ya watse ruwa ya wanke shi. Abin da ya rage shi ne hoton, doka kuma a ko'ina ta san mai hoto. Ta haka kwafi ya gaje asali tun asalin yana da rai. In aka ƙara wa wannan hoto lambar da ke cewa shi kaɗai ne a duniya, an kammala juyin ke nan: inuwa ta sami takarda, mai inuwar ba shi da ko suna.

Kada a ɗauka ina yaƙi da kwafi, ko ina cikin masu ganin duk abin da ya fito daga kwamfuta shaiɗan ne. Akwai wanda wannan hanya ta yi wa rana bisa gaskiya. Osinachi, ɗan garin Aba a Najeriya, yana zanensa ne da Microsoft Word, abin da sakatarorinmu ke buga wasiƙa da shi, kuma a Oktoban 2021 Christie's ta sayar da ayyukansa a Landan. Aikinsa a cikin kwamfuta aka haife shi, ba shi da wani jiki a waje, shi ya yi, shi ya buɗe lambar da hannunsa. A nan lambar tana matsayin sa hannu, ba wanda aka zalunta.

Muna kuma da misalin kwafi na mutunci a cikin ƙasarmu. A Dabus, arewa da Agadas a kan hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Bafaranshe Christian Dupuy ne ya sanar da masana labarinsu a 1987. A 1999, da izinin hukuma, ƙungiyar TARA mai kula da zanen duwatsun Afirka da gidauniyar Bradshaw suka ɗauki gurbin sassaƙar, aka zuba kwafinta da alminiyom, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas, aka kai wani Washinton. Ba wanda ya ce kwafin Washinton shi ne asali. Kwafin ma aikinsa shi ne ya nuna wa mai kallo hanyar Dabus, ya ce masa: na gaskiyar yana can, a ƙasar Nijar, a kan dutsensa. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane kwafi da shi, na ƙarfe ne ko na kwamfuta. Yana nuna mai abu, ko yana tsayawa a gabansa ya rufe shi?

Sai dai labarin Dabus bai tsaya a alminiyom ba. Daga 2013 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya karɓi hotuna kimanin 25.000 na zanen duwatsun Afirka daga TARA, har da na Nijar, ya tsara su ya sa a intanet. Aiki ne mai amfani, ɗalibin Damagaram yana iya ganin Ayar daga ɗakinsa. Amma wannan gida shi ne kuma a 2021 ya shiga sayar da NFT na zanen Hokusai, mai zanen Japan. Ban ce ya sayar da namu ba. Na ce ƙofar tana nan, mabuɗinta kuma ba a Yamai yake ba.

Mutanen Lusanga a Kwango sun gane haka, suka juya makamin. A 1931, lokacin tawayen ƙabilar Pende, an kashe wani jami'in mulkin mallaka na Beljiyam mai suna Maximilien Balot, aka sassaƙa gunkinsa na itace. Gunkin ya ƙare a wani gidan tarihi a birnin Richmond na jihar Bajiniya a Amurka. Ƙungiyar masu fasaha ma'aikatan gandun kwakwar manja, CATPC, ta daɗe tana roƙon a ara mata shi ba a ba ta ba. A 2022 sai ta ɗauki hotonsa ta buɗe NFT kusan 300, ta ce da kuɗin za ta sayi ƙasar noma. Gidan tarihin ya yi ƙorafi cewa an ɗauki hotonsa ba izini, abin dariya ga duk wanda ya san yadda irin waɗannan kaya suka bar Afirka. A 2024 dai an kai gunkin Lusanga aro. Su ma ba su ce lambar ita ce gunkin ba, sun yi amfani da ita ne kamar sandar da ake kaɗo ɗan itace.

Italiya ma, wadda ba ta rasa lauyoyi ba, sai da ta ƙone hannu. A 2021 an sayar da kwafin kwamfuta na wani zanen Mikelanjelo da ke gidan tarihin Uffizi na birnin Fulorans a kan yuro 240.000. Da aka cire kuɗin aiki aka raba da kamfanin da ya shirya cinikin, gidan tarihin ya tashi da 70.000. Da labari ya fito a 2022, gwamnati ta dakatar da irin waɗannan yarjeniyoyi, tana tambayar wa zai mallaki surar dukiyar ƙasa gobe. In ƙasar Mikelanjelo ta tsaya ta yi wannan tambaya, mu me muke jira?

Dokoki dai muna da su, ba wannan ne ciwonmu ba. Tun ranar 30 ga Maris 1993 aka yi dokar kare haƙƙin masu fasaha, wadda ta haɗa har da abin da al'umma ta gada na gargajiya, aka sabunta ta a 2010. An kafa ofishin BNDA a 1995. A 1997 aka yi dokar kare kayan tarihin ƙasa. Duk da haka gumakan yumɓu na Bura, waɗanda marigayi Bube Gado ya tono a 1983, an wawashe wurarensu bayan an nuna su a Faransa a farkon shekarun 1990, har sai da suka shiga jerin kayan da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kan cinikinsu. Kuma ranar 16 ga Yuli 2025 gidan gwanjon Sotheby's na Niyok ya sayar da dutsen nan na duniyar Mars, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, wanda aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, a kan dalar Amurka miliyan 5,3. Sai bayan an buga guduma muka buɗe bincike. Ƙasar da dutse mai kilo 24 ya fice mata ba ta sani ba, ta yaya za ta tsare hoton da ba shi da nauyi, ba ya bin hanyar duwan, ba ya tsayawa a shingen jandarma?

Ba za ta tsare shi ba, kada ma ta ɓata lokaci. Hana ɗaukar hoto ba zai yiwu ba, kuma zai cuci maƙeran da ke samun masu saye ta WhatsApp. Abin da za ta iya shi ne ta riga kowa rubutawa. Mun taɓa yin haka da albasa. Lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a rubuta masa albasar Galmi a ƙungiyar OAPI, manoma da hukuma sun tashi tsaye, kuma daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka sami rajistar da ta ɗaure sunansu da ƙasarsu. Abin da aka yi wa albasa da nama bai fi ƙarfin a yi wa azurfa da fata da ɗinki ba. Na halarci gangamin siyasa da yawa, na ji an yi alkawarin rijiya da kwalta da taki, na ga an rataya wa manyan baƙi tanagilt a wuya ana tafi, amma ban taɓa jin mai neman kujera ya ambaci sunan wanda ya ƙera ta ba.

Ba taron ƙara wa juna sani nake nema ba, irin wanda ake yi a otel ɗin Yamai a raba kuɗin zama a watse. Ina neman littafin rajista a ofishin magajin garin Tenhiya, da na Tanut, da na Tarka a gundumar Belbeji, irin wanda ake rubuta haihuwa a ciki: sunan mai aiki ko zuriyarsa, hoton aikin, alamar da yake sawa, ranar da aka rubuta, da shaidar hakimi ko shugaban rukunin makiyaya wanda ya san gidan. BNDA ta riƙe kwafi, a sa shi a intanet yadda mai saye a Paris zai iya dubawa. Duk baƙon da ya zo ɗaukar surar kayan tarihi da na'ura kuma, a rubuta masa a takardar izini cewa kwafin farko na Nijar ne, kuma ba a sayar da shi da sunan asali sai da yardar masu abu da kasonsu. Kada a dogara da alkawarin masu kasuwa cewa na'ura za ta riƙa aiko wa mai fasaha kasonsa duk lokacin da aka sake sayarwa: OpenSea ta yi wannan alkawari, a 2023 kuma ta mayar da biyan kason ganin dama. Kason da aka rubuta a takardar da alƙalin Tanut zai iya karantawa ya fi shi tabbas.

In ya so, wata rana jikan maƙerin da ya yi lakkwal ya buɗe wa aikin kakansa NFT, ba laifi, lambar za ta zama tana nuna wani shafi a littafin Tenhiya wanda ya girme ta. Sunan da ke shafin nan kuwa a rubuta shi da boko da tifinar, ko da ajami ga wanda ajami ya iya, yadda mai shi zai duba da idonsa ya ce an rubuta daidai ko a gyara.